Na Karanta "Murmure" a Katin Jikana

A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune a wani ƙauye tsakanin Ɗanzomo da Maigatari, kuma duk matan unguwarmu shakkar bakina suke yi. Ba zan yi wa kaina kwalliya ba. Ni mace ce mai faɗa, in na yanke magana ta yanku, ko mijina, Allah ya jiƙansa, sai ya duba fuskata kafin ya kawo wata shawara. Sana'ata ungozomanci, a wurin gwaggona na gaje ta, kuma yaran da na yanke wa cibi a yankin nan ban san yawansu ba. Abin da ya ƙara kumbura mini kai shi ne karatu. Ban taɓa zama a aji ba sai da na aurar da 'ya'ya biyu. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a firamaren garinmu, jim kaɗan bayan an yanke mu daga Kano an ba mu Jigawa, ni ce macen farko da ta je ta zauna a bencin yara, gwiwoyina suna dukan tebur. Mata suka yi ta dariya, wai tsohuwa ta koma 'yar aji ɗaya. Cikin shekara biyu na iya karanta wasiƙa da Hausa, na iya rubuta amsa, sai ga masu dariyar nan suna sallama a ƙofata da wasiƙun 'ya'yansu na Legas da Fatakwal. Daga nan na ɗauka babu takardar da ta fi ƙarfina a duniya. A kan haka na zo in yi magana, kuma da hannuna nake rubutawa don kada wani ya gyara mini ya sassauta.

'Yata ta uku ita ce mai sanyi a cikin 'ya'yana. Ban san inda ta samo halin ba, ba dai a wurina ba. In ka yi mata tsawa sai ta sunkuyar da kai, in ka tambaye ta abin da take so sai ta ce duk wanda aka ba ta. Mijinta direba ne, yana ɗaukar kaya daga Maigatari ya tsallaka da su Damagaram, ya saba da mutanen can har likita ma "lokotoro" yake ce masa, muna yi masa dariya. Da cikinta na fari ya kai wata bakwai ta dawo gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Ta haihu da damina, wata ranar Asabar da hantsi, namiji, ni na yanke cibi. Yaron bai yi kuka nan take ba, sai da na juya shi na shafa bayansa sannan ya saki wata 'yar murya kamar ta ɗan akuya. A kwana na uku ya ƙi kama nono sosai, jikinsa ya saki. Uban ya zo ganin ɗa, ya dube shi, ya ce shi dai a yi haƙuri a kai shi wurin lokotoro. Ya ɗauke su a motarsa, uwar da ɗan, ya sauke su a asibitin Maigatari, ya wuce da kayan mutane. Ni ban bi su ba. Na ce akwai mai naƙuda a bayan masallaci da ke jirana. Gaskiya ne akwai ta, amma ba ita ce dalili ba.

Dalilin shi ne sistar da ke kula da masu haihuwa a wurin. Kirista ce daga wajen Filato, ta daɗe a ƙasarmu, Hausa a bakinta tsaf sai ɗan karkacewar harshe. Shekara guda kafin nan an tara mu ungozomomi ana koya mana tsafta, ta ɗaga tsohuwar rezata a gaban kowa ta ce irin wannan ce ke kawo wa jarirai ciwon sanƙarewa, ta kuma hana gasa cibi da kasko. Ni kuwa na miƙe na gaya mata cibin da na yanke ya fi gashin kanta yawa. Aka yi dariya, ita ma ta yi, ta ce, to Mama, mu ƙara da sabuwar reza. Ta manta da maganar, ni ban manta ba. Ban so in je in tsaya a gabanta da jikana a hannu ina neman taimako.

Kwanansu biyu suka dawo. Yaron ya ɗan farfaɗo, yana kama nono. Gidan cike yake da 'yan barka, ana ta shiga da fita, ana dakan gero na suna. 'Yata ta shigo ta zauna a bakin gado, ta miƙo mini wani kati ba tare da ta dube ni ba. Kun san yadda mai ɗan fari take, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ko maganarsa za ta yi sai ta kewaya. Cikin wannan murya tata da sai ka kasa kunne ta ce sista ta ce a kai shi Gumel wurin babban likita, wai ta ji wani abu a ƙirjinsa. Na karɓi katin na fito bakin ƙofa inda haske yake, mata suka zagaye ni, don sun saba in takarda ta shigo unguwa ni ce mai ita. Rubutun duk a cukurkuɗe yake, yawancinsa ban gane komai ba, amma ban nuna ba. Sai idona ya faɗa kan wata kalma da aka rubuta da manyan baƙaƙe, aka ja mata layi biyu a ƙasa. Na bi ta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mana: m, u, r, m, u, r. Na haɗa, mur, mur. Nan take zuciyata ta ce murmure. Yaro ya je asibiti ba lafiya, ya kwana biyu, ya dawo yana shan nono, me kuma za a rubuta in ba ya murmure ba? Na ce sista ta manta baƙin ƙarshe ne, ai mutanen kudu ba su iya rubuta Hausa daidai ba, layi biyun kuwa don albishir ne. Na ɗaga katin na sanar. Mata suka yi ta hamdala, wata har da guɗa.

'Yata ta ɗago kai kaɗan ta ce, amma da baki sista ta faɗa mata. Na juyo na ce, "Baki da takarda wanne ne magana? Ke kin ji ne a firgice, ni kuwa ga shi na karanta." Ta sunkuyar da kai, magana ta mutu. Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. A ƙasan kalmar nan akwai wata kalma da na karanta ba tare da wata wahala ba, domin sunan gari ne da na sani tun ina yarinya. An rubuta Gumel. Na gan shi sarai. Na ɗora babban yatsana a kai lokacin da nake ɗaga katin, na gaya wa kaina ai daga can ake kawo musu katunan. Na riga na yi magana a gaban mata, kuma ni ba a saba jin na ce ban gane ba.

Ranar suna wanzami ya zo ya yi aski, ya cire beli, yaron ya yi kuka har ya gaji ya yi laƙwas. Aka ci aka sha aka watse. Na shiga hidimar jego, safe da yamma ina dafa ruwa da ganyen darbejiya, ina dama kunun kanwa, ina tsare ta kada ta sha ruwan sanyi. A wannan fanni babu wanda zai ce na gaza. Amma yaron bai yi yadda jarirai ke yi ba, kuma na fi kowa sani, tunda aikina ne. Sati na uku, na huɗu, maimakon ya cika sai wuyansa ya ƙara fitowa. In ya kama nono sai ya ja sau biyar ko shida ya saki, yana haki, goshinsa ya jiƙe da gumi kamar wanda ya taso daga noma, alhali ana ruwa a waje, mu manya muna neman mayafi. In ya huta ya sake kamawa, ya sake saki. Ƙarƙashin haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk numfashi. Kukansa gajere, in ya matsa sai leɓensa ya yi duhu. Kowace alama sai na samo mata suna. Na ce nonon uwar ne ya yi ruwa, na jiƙa mata saiwa. Na ce zafin wutar ɗakin ne ke sa shi gumi, na rage itace. Na ce ko belin ne bai fita duka ba, na sa aka sake kiran wanzami ya leƙa, shi da kansa ya ce babu abin cirewa, ya kuma ce mini, Iya, numfashin yaron nan fa. Na ce masa ya tsaya a kan askarsa.

Kada a ɗauka hankalina a kwance yake. Ban taɓa shiga kwanaki irin waɗannan ba. In ina daka sai in ajiye taɓarya in leƙa ɗakin. In na fita gidan haihuwa, ina riƙe da ɗan wani ina kallon yadda yake shan nono ya ƙoshi ya yi barci, sai in ji ƙafata tana son komawa gida. Wata rana da la'asar ina yi masa wanka na ɗora tafin hannuna a ƙirjinsa, na ji wani abu yana karkarwa a ƙarƙashin fata, kamar ka dafa bayan kyanwa tana gurnani. Na cire hannun da sauri, na sake mayarwa, yana nan. Na shafe shi da mai na naɗe shi. Katin kuwa yana cikin adakata, ƙarƙashin zannuwa. Na fito da shi ya fi sau goma, ina sake bin baƙaƙen nan shida, ina neman na bakwai da zai gaskata ni. Hedimastan da ya koya mini karatu, wanda ya san Turanci, gidansa da nawa ba su fi taku ɗari ba. Kullum sai ya wuce ta ƙofata ya gaishe ni. Sau biyu na sa katin a haɓar zane na fito, sau biyu na ƙare da tambayarsa lafiyar iyali na komo. In na nuna masa, ya ce ba haka ba ne, me zan gaya wa matan da suka yi guɗa?

Ita ma uwar ba wai ba ta gani ba. Wata safiya ina zuba mata ruwan wanka, bayanta ne a wajena, ta ce ko za a sake duba katin nan. Da na zama uwa ta gari da a nan na tsaya. Sai na ɗauko kunya na doke ta da ita. Na ce yaushe aka fara haka, mace ta bi ɗan fari da ido har tana kawo maganarsa a gaban uwarta, ko so take a yi da mu a gari? Na ce ni na haifi takwas na raini shida, ba yau na fara ganin yaro mai ƙyuya ba. Na ga kafaɗunta suna rawa, na ce zafin ruwa ne. Wannan al'ada ta kunyar ɗan fari ba don a cuci kowa aka yi ta ba, ladabi ce, amma ni na mai da ita marfi na rufe bakin mutum ɗaya tak da ta ji gaskiya da kunnenta.

Aka yi arba'in, lokacin komawarta ɗakin miji ya yi, na ƙi sallamar ta. Na ce sai na gama haɗa mata kaya. Gaskiyar ita ce kunya nake ji a kai wa dangin uba yaro kamar ƙadangare, a ce daga hannun ungozoma ya fito. Wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, na tafi sayen kwanuka da yaji. Ina tsaye wajen masu kayan miya ina ciniki sai na ji an dafa ni an ce, Mama, sannu. Sista ce, da kwandonta a hannu. Ta tambayi mai jego, ta tambayi yaro, sannan ta ce me likitan Gumel ya ce. Na ce wane likita kuma, ba ke da hannunki kika rubuta ya murmure ba? Ta dube ni kamar ba ta ji ba, ta ce in sake faɗa. Na sake faɗa, har da ƙara mata cewa ta bar baƙi ɗaya. Ta sauke kwandon a ƙasa a hankali. Ta ce, "Mama, ba Hausa na rubuta ba." Ta bayyana mini cewa kalmar Turanci ce, sunan wata ƙara ce da ake ji a zuciya bayan bugun da aka sani, kamar raɗa, kuma ita ta ji ta a ƙirjin jikana da ƙarfi, shi ya sa ta ja layi biyu don kada likita ya tsallake. Ko a nan bakina bai mutu ba. Na ce to don me za ku rubuta wa mutane abu da yaren da ba su sani ba? Ta ce katin na likita ne, mu kuma da baki ta faɗa mana, sau uku ta gaya wa uwar har ta sa ta maimaita. Sannan ta ƙirga a yatsunta ta ce yau sati bakwai ke nan. Ban san yadda na bar kasuwar ba. Kwanukan da na saya ma a wurin na bar su, sai wata 'yar garinmu ce ta kawo mini.

Washegari da sassafe muka fita bakin hanya, ni da ita da yaron. Shekarar wahalar man fetur ce, mota sai an yi sa'a. Na kasa zama, ina ta kai da komo a bakin titi, duk ƙarar da na ji sai in ɗaga hannu, har rana ta ɗaga kafin wata akori-kura mai buhunan gero ta tsaya. Tun daga gida ban gaya wa 'yata abin da sista ta ce ba. Na ce kawai ta shirya za mu Gumel. Ba ta tambaye ni dalili ba, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Likitan da muka samu saurayi ne, bai kai ɗana na fari ba. Na lura da duk abin da ya yi, don ido na ungozoma ba ya barin aiki. Bai fara da taɓa yaron ba. Ya sa aka tuɓe shi, ya tsaya yana kallon ƙirjin, yana duba agogonsa yana ƙirga numfashi. Ya buɗe bakin ya duba harshe da dasashi, ya duba farce. Ya sa yatsu a matsematsin cinyoyin biyu yana neman bugun jini, ya danna cikin a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya ɗora shi a sikeli, ya tambayi yadda yake shan nono da ko yana gumi. Sai a ƙarshe ya sa abin sauraren nan nasu a kunne, ya bi ƙirjin wuri-wuri, har baya. Na ce masa ni ungozoma ce, ina so in ji abin da ake ta faɗa. Bai yi musu ba. Ya roƙi wata mata da ke kan benci da jaririnta, ya sa mini abin a kunne ya ɗora a ƙirjin ɗanta. Na ji bugu biyu-biyu, tsaf, da ɗan shiru a tsakani. Ya mayar kan jikana. Babu shirun nan. A wurinsa akwai wani huci, fuu, fuu, kamar iska ta samu ƙofa a jikin zana. Sati bakwai abin nan yana yi a cikin ɗakina.

Ya yi mana bayani da Hausa mai sauƙi. Ya ce jarirai da yawa ana jin irin wannan ƙara a kwanakin farko, saboda akwai hanyoyin jini da yaro ke amfani da su a cikin ciki waɗanda ba su gama rufewa ba, kuma yawancinsu ƙarar tana ɓacewa da kanta, yaro ya tashi lafiya lau. Ya ce shi ya sa ƙarar ita kaɗai ba hukunci ba ce, amma kuma ba a yin banza da ita, sai an sake saurare, an duba numfashi da launi da shan nono da nauyi, sannan a san wacce iri ce. Ta jikana ba mai wucewa ba ce. Alamu sun nuna akwai huda a bangon da ya raba ɗakunan zuciyar, jini yana kwarara zuwa huhu fiye da ƙima, shi ya sa shan nono ya zame masa aikin ƙarfi. Sai ya tambaya tun yaushe aka ce mu zo. Na buɗe baki zan yi magana, 'yata ta riga ni. Ta ce tun yana kwana biyar. A rayuwarta ba ta taɓa riga ni magana ba sai ranar. Likitan ya dubi katin, ya dube ni, ya ci gaba da rubutu. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Aka ba shi maganin rage ruwa a jiki da na ƙarfafa zuciya, aka koya mana ba shi nono kaɗan-kaɗan akai-akai, a tatsa a ba shi da cokali in ya gaji, a riƙe shi a ɗage. Aka yi hoton ƙirji, aka ba mu takarda zuwa Kano. Wannan karon sai da na sa aka karanta mini ita tun daga sama har ƙasa. A Kano suka tabbatar da maganar, suka ce aikin da ake yi wa irin wannan ba a yin sa a wurinsu a lokacin, sai dai a riƙe shi da magani ya girma, wani lokaci hudar takan ragu, amma a kiyaye shi da ciwon ƙirji. Kuma ya ɗan samu sauƙi. Gumin ya ragu, kumatu suka fara fitowa, ya fara murmushi in an tafa masa. Har na fara cewa a raina ko Allah zai rufa mini asiri. Da kaka ta yi, ana yankan gero, mura ta zaga gari, ta kama shi ta sauka a ƙirji ta zama limoniya. Muka koma Gumel, kwana huɗu muka yi. Ya cika da safe, wajen ƙarfe tara, a cinyar uwarsa, yana da wata huɗu ba 'yan kwanaki.

Kafin mu bar asibitin na tare likitan a baranda. Na ce ya gaya mini gaskiya, ni ba yarinya ba ce, da mun kawo shi a satin farko da ya rayu? Ya ce ba zai iya ce mini e ba, ba zai iya ce mini a'a ba. Ya ce hudar babba ce, ko an zo da wuri tana nan, amma da ya fara magani da wuri wataƙila da ciwon ya same shi da ƙarfi a jiki. Wannan wataƙila ita nake ɗauke da ita har yau. Masu ta'aziyya sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma ba ƙaddara ce ta ɗora yatsa a kan sunan Gumel ba, ni ce.

'Yata ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta kuma gaya wa mijinta abin da ya faru ba, ni ce na kira shi na gaya masa da bakina. Ranar da za ta koma ɗakinta, an ɗaure kaya ana jiran mota, na fito da katin daga adaka na miƙa mata, na ce nata ne. Ta dube shi a hannuna ba ta karɓa ba. Ta ce, "Ki riƙe, Inna. Ke kika iya karatu." Ta faɗa da wannan murya tata mai sanyi, ta durƙusa ta yi mini sallama ta fita. Har gobe ban sani ba ko magana ta gaya mini, ko kuwa iyakar abin da ta sani ke nan ta faɗa.

Bayan sati guda na je Maigatari na samu sista a gaban masu jiran awo, na ce na zo in faɗa a bainar jama'a cewa ita ce da gaskiya, tunda a bainar jama'a na yi mata rashin kunya. Ta kama hannuna ta zaunar da ni, ta ce ita ma daga ranar ta koma rubuta "a kai shi Gumel" da Hausa a bayan kati, tana kuma neman kakar yaro ta gaya mata, ba uwar kaɗai ba. Shekara biyu bayan haka wata maƙwabciyata ta kawo mini katin jaririyarta, sai ga baƙaƙen nan shida. Ko ɗankwali ban tsaya gyarawa ba, a ranar muka tafi asibiti. Likita ya duba ya ce mu dawo bayan sati shida, muka dawo, ƙarar ta ɓace. Yarinyar ta girma ta yi aure. Na faɗi wannan don kada wata ta ga kalmar ta ɗauka mutuwa ce. Sau da yawa ba komai ba ce. Amma ba kaka ce za ta yanke wannan hukunci a bakin ƙofa ba.

To, 'yan'uwana mata, musamman irina da muka samu karatu da furfura muna ji da shi, ku ji daga bakin wadda ta yi. Iya haɗa baƙaƙe daban, sanin abin da aka rubuta daban. In takardar asibiti ta zo hannunki, kika ga abin da ya yi kama da Hausa, kada ki cika masa baƙin da babu, ki tashi ki tambaya, ko da wanda za ki tambaya ɗan cikinki ne, ko wadda kuka yi faɗa da ita. In an ce an ji ƙara a ƙirjin jariri a kai shi wani wuri, a kai shi a satin, ko da yana shan nono. In kika ga jariri yana gumi wajen shan nono, yana saki yana haki, haƙarƙari na lotsawa, ba ya cika, ko leɓe na yin duhu, wannan ba beli ba ne, ba ƙyuya ba ce, ba kuma laifin nono ba ne. Ku kuma iyaye, in 'yarku mai ɗan fari ta daure ta buɗe baki a kan ɗanta, ku sani abin ya kai mata wuya ne, ku saurare ta. Ni tawa ta buɗe sau biyu na rufe.

Katin yana nan a adakata, gefen da na danne da yatsa ya fi ko'ina dauɗa. 'Yata ta haifi biyar bayan wannan, duk suna raye, duk a asibiti ake duba su, kowanne da katinsa. Tana zuwa gaishe ni, tana kawo mini su in yi musu wasa, tana yi mini duk abin da 'ya ke yi wa uwa. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa miƙo mini katin ɗaya daga cikinsu ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Ta yi daidai.